Amai bayan aikin kunne, akwai maganin da za ta sha tun daga gida?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah tambaya gare ni ga wanda ya san harkar likita ko wanda anka taɓa yi ma aikin kunne. Ƙanwata ce, shekarunta 27, tun tana ƙarama kunnenta na hagu ke zubar da ruwa, ya tsaya ya dawo ya tsaya ya dawo har dodon kunnen ya huje, yanzu ruwan ya ƙafe amma jin ya ragu sosai sai ka zagayo ta dama take jin ka. Lokotoron kunne, hanci da maƙogwaro (ORL) ya duba ya ce faci za a yi mata, an ba mu randebu wata mai kamawa. To matsalar ita ce yarinyar nan saurin tashin zuciya gare ta, ko daga nan zuwa Tibiri ta shiga mota sai da leda a hannu, tafiyar Yamai kuwa ba a magana, kuma lokacin da anka yi mata aikin apandisit wuni ta yi tana amai har Inna ta fara kuka. Wani maƙwabcinmu ya ce wai amai bayan aikin kunne yana ɓalle facin a koma gidan jiya. Gaskiya ne? In gaskiya ne wane magani zan saya mata ta sha tun a gida? Ita yanzu ba wuƙar take tsoro ba, aman take tsoro, har ta fara cewa a fasa.

Uwar Biyu:

Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ka tahi farmasi ka sayo mata Primpéran ko Vogalène ta sha da safe kafin ku hita, ni lokacin laulayin ƴan biyuna su sunka taimake ni. Ta kuma riƙe ƴar citta ko lemun tsami tana shinshinawa. Kar a fasa aiki saboda amai don Allah.

Mai Sa Barci:

Wa alaikumus salam Malam. Wannan aikina ne, ina ɓangaren anastazi a bulok, wato ɗakin aiki, mu ne masu sa mutum barci mu tsaya a kansa har ya farka. Hajiya Uwar Biyu ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki a wuri guda, ranar aiki kar a ba ta ko ƙwaya ɗaya daga gida sai wadda mai anastazi ya rubuta da hannunsa. Maganar kar a fasa kuwa ina bayanki ɗari bisa ɗari.

Zancen maƙwabcinka akwai ƙamshin gaskiya amma ya ɗan ƙara gishiri. Facin nan wani siririn tantani ne ake yankowa daga saman kunne ƙarƙashin gashi, ko ɗan guringuntsi, a shimfiɗa shi a kan hujin, kuma ba da zare ake ɗinke shi ba, wani soso mai narkewa ne ke tallafe shi har ya kama. Yunƙurin amai yana iya tura iska da ƙarfi ta ƴar hanyar da ta haɗa maƙogwaro da kunne, yana kuma iya tada jini a wurin. Mutane da yawa sun yi amai kuma facinsu ya kama lafiya lau, amma dai ba ma son sa, shi ya sa muke tare shi tun bai zo ba.

Aikin kunne ya fi yawancin ayyuka kawo amai. In ka haɗa duk waɗanda aka sa wa barci aka yi wa aiki, kamar mutum 1 cikin 3 ne ke samun tashin zuciya ko amai, amma a aikin tsakiyar kunne in ba a ba da komai ba abin yakan wuce rabi. Dalili, can ciki bayan inda lokotoro ke aikin akwai wasu ƴan bututu uku masu lanƙwasa da ruwa a cikinsu, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa in kai na juyawa, su ɗin ne dai ke wahalar da ƙanwarka a mota. To girgizar injin da ake goge ƙashi da shi in aikin ya kai can, da ruwan wanki in yana da sanyi, da ɗan tiyon da ke zuƙe jini, duk suna tayar musu da hankali. Sai ta farka kunne ɗaya na cewa ana juyawa, ido da ɗayan kunnen na cewa a'a kwance take, daga nan sai juwa sai amai. Ka ƙara da iskar barcin kanta da maganin zafi.

Akwai wani lissafi da muke yi, na wani likitan anastazi Bajamushe mai suna Apfel, ya fito da shi a 1999, abu 4 ake dubawa, mace ce, ba ta shan taba, ta taɓa amai bayan aiki ko mota na juya ta, sannan za a ba ta maganin zafi mai ƙarfi dangin morfin bayan aikin. Wanda ba shi da ko ɗaya haɗarinsa wajen kashi 10 cikin 100 ne, mai ɗaya 20, mai biyu 40, mai uku 60, mai huɗu wajen 80. E haka ne, masu shan taba sun fi samun sauƙi a nan, amma kar wani ya ce na ce a je a sayi sigari, huhunsu mu muka san wahalar da yake ba mu. Ƙanwarka in ba ta shan taba tana da uku tun kafin ta hau tebur, ga shi kuma kunne ne. Irin ta ba a jira a ga ko za ta yi.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne babu magani ɗaya tak da ke rufe amai ruf. Saƙon amai ta hanyoyi da yawa yake isa ƙwaƙwalwa, daga ciki, daga jini, daga kunne, kowane magani kuma hanya guda yake tarewa, kamar ka kafa bariyar a hanyar Ɗan Isa ne kaɗai, mai zuwa daga Tasawa ko Gidan Rumji ai shigowarsa zai yi. Wani babban bincike da aka buga a 2004 a kan mutum sama da 5000 ya nuna kowane ɗaya daga cikin manyan magungunan wajen kashi ɗaya cikin huɗu na haɗarin kawai yake ragewa. Ma'ana mai 80 in an ba ta ɗaya ta dawo wajen 60, a ƙara na biyu wajen 45, na uku ta sauko ƙasa da 35. Shi ya sa ake haɗa biyu ko uku waɗanda ba dangi ɗaya ba.

Waɗanda aka fi haɗawa su ne deksametazon da ondansetron, duka ta jijiya. Deksametazon miligiram 4 zuwa 8 ga babba, a farkon aiki bayan ta yi barci, don shi nawa gare shi kafin ya fara aiki amma yana daɗewa har washegari, kuma in ka yi wa mutum shi ido biyu da sauri yakan sa ƙaiƙayi mai zafi a wurin da ba a son faɗa. Ondansetron kuwa miligiram 4 ne dab da za a gama, don shi ƙarfinsa ƴan awoyi ne, in ka yi shi da wuri aikin ya ja sai ya fara sanyi lokacin da ake buƙatarsa. Na uku ya danganta da abin da ke cikin akwatin wurin, droperidol ko haloperidol ɗan kaɗan, ko dangin maganin juwar mota wanda shi ne ya fi dacewa da abin da ya taso daga kunne, illa dai yana sa barci da bushewar baki. Ka ga duk wannan lokaci ne da awo, ba abin da za ta haɗiya da asuba a gida ba ne.

Sauran rabin aikin kuma a yadda aka sa barcin yake. In da hali ana riƙe barcin da propofol, farin maganin nan mai kama da madara, ta jijiya daga farko har ƙarshe maimakon iska, yana rage amai sosai. Iskar protoksid, ɗaya daga cikin iskar sa barci, ita ma ana gudun ta a facin kunne don tana shiga tsakiyar kunne ta kumbura ta ɗaga facin, ga ta kuma da tada zuciya. Sannan a rage dangin morfin a dogara da parasetamol da allurar kashe wurin, a kuma sa mata ruwa isasshe, don mutum ya kwana bai sha ba da zafin garin nan shi ma kansa tashin zuciya ne.

Naka aikin ɗaya ne Malam. Kafin ranar za a tura ku konsiltasiyon anastazi, ka raka ta, ta buɗe baki ta faɗi zancen motar nan da na apandisit kamar yadda ka rubuta mana, kar ta ce lafiya lau don kunya ko don tana gani ƙaramin abu ne. Ku tambaya kai tsaye, me za a ba ta na amai, guda nawa, a sa su cikin ordonans ɗin da za ku saya. Ba rashin ladabi ba ne.

Bagobiri:

Ni an yi mini irin aikin ga a kunnen dama, abin da lokotoro ya faɗa haka yake. Amai ban yi ba alhamdulillah amma juwa kam na sha ta, in na juya kai da sauri sai in ga silin na tahiya, kuma baki na ɗanɗanon ƙarfe gefe guda, sunka ce wata ƴar jijiyar ɗanɗano ce ta bi ta cikin kunnen an ɗan taɓa ta, daga baya ya wuce. Abin da zan ce ma ƙanwarka ta yi komai sannu, in za ta tashi ta fara zama bakin gado ta kahe idonta wuri guda kafin ta miƙe, a ɗaga mata kai da filo biyu, kar ta kwanta bisa kunnen. Kuma don Allah ku hana ƴan dubiya cika ɗakin da turare da kulolin abinci, ni warin miyar da anka kawo ma na kusa da ni ya kusa kada ni ba aikin ba. Ranar sallama kar ku ɗora ta bisa kabu-kabu, ku samu mota ta zauna gaba a tahi a hankali. Ba hyace majina, atishawa baki buɗe, ruwa kar ya shiga kunnen wajen wanka ko alwala, ni sallah ma zaune na yi ta kwanakin farko don sunkuyawa na tado mini juwar, malaminmu ya ce babu laihi ga mara lahiya.

Ƴar Farmasi:

Salam. Ni a farmasi nake aiki, ina so in ƙara a kan Primpéran tunda Anti ta ambace shi kuma shi ne kowa ke zuwa nema. Sunansa na asali metoklopramid, yana da amfaninsa, amma miligiram 10 ɗin da aka saba ba shi da wani ƙarfi wajen tare aman bayan aiki in ka gwada shi da waɗancan. Sannan matasa, musamman mata, da yara, wani lokaci yana sa musu wuya ta murɗe, ido ya ƙafe sama, harshe ya fito, sai ka ga an kwashi yarinya an yi wajen mai ruƙiyya ana cewa iska ce alhali ƙwaya ce, kuma akwai allurar da ke warware shi a likita. Saboda irin haka ne hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita shi a 2013, babba kar ya wuce miligiram 30 a rana kuma kar ya wuce kwana 5. Ka ɗauka ta sha shi a gida ba ta faɗa ba, a bulok kuma aka ƙara mata haloperidol wanda hanyarsu guda, ka ga an ninka ke nan.

Zancen kuɗi kuma, deksametazon araha gare shi kuma kusan ko'ina akwai. Ondansetron ya fi tsada, wani lokaci yakan yanke, to ku nemi ordonans da wuri kar sai daren aiki ku fara zagayen farmasin gardi. In an rubuta Zophren ka tambaya ko akwai jenerik, magani guda ne. Na tebur da na masu yawo da shi a ka cikin rana kuwa don Allah a bar shi, ampul ɗin da za a zuba a jijiyar mutum ba a sayen sa a bakin kasuwa.

Uwar Biyu:

To madalla, na ƙaru. Amma cittar hwa? ita ma an hana?

Ɗan Bagalam:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na karanta mata duka hankalinta ya ɗan kwanta. Lokotoro Mai Sa Barci saura tambaya kaɗan. Taba kam ba ta sha. Suga ba ta da shi, amma da na ambaci sunan deksametazon sai matata ta ce ai kamar shi ne cikin ƙwayoyin ƙibar nan da ƴan mata ke sha kuma wai ita ma ƙanwar tawa tana taɓawa tun bayan yaye, na tambaye ta ta yi shiru. Wannan zai hana a yi mata? Sannan an ce kar ta ci komai tun dare, Inna na cewa ko ɗan kunu ko fura a ba ta da asuba don yunwa ma na sa amai. Kuma in duk an yi wannan ta farka tana yi fa?

Mai Sa Barci:

Malam wannan na ƙwayar ƙiba ya fi duk abin da muka tattauna muhimmanci, kar ka yi mata faɗa don in ka yi ɓoyewa za ta ƙara yi, ka sa matarka ta lallaɓa ta ta kawo kwalin ko sauran ƙwayar a zo da shi konsiltasiyon. Da yawa cikin irin waɗannan deksametazon ne ko danginsa. Allura ɗaya ta ranar aiki daban take da shan sa wata da watanni. Wanda ya daɗe yana sha jikinsa yakan daina yin nasa sinadarin da ke riƙe shi lokacin wahala, to in ya tsaya farat ɗaya ko aka shiga aiki da shi ba a sani ba tansiyo na iya faɗuwa a kan tebur, ciwo kuma yana jinkirin warkewa, wanda ba abin da ake so ba ne ga faci. Ba ya nufin an fasa, yana nufin za mu shirya daban, watakila a ɗan ɗaga ranar. Kuma kar ta yanke shi da kanta yau don tsoro, likita ne zai tsara mata yadda za ta sauka a hankali. In an ga dama a bar ta ta shiga ita kaɗai ko da matarka, wasu maganganun ba a yin su gaban yaya.

A nan ne ma za ta faɗi in akwai ciwon zuciya ko yawan suma a gidanku, don ondansetron da droperidol suna ɗan taɓa bugun zuciya ga masu wata irin matsala, da kuma in tana zaton ciki. Masu suga su ma su faɗa, deksametazon na ɗaga suga na kwana ɗaya ko biyu, ba lallai ya hana ba amma sai an riƙa aunawa.

Ka gaida Inna ka ce mata ta yi haƙuri, kunu da fura da koko da madara duk abinci ne a wurinmu, awa 6 ake so tsakaninsu da barci, in tuwo ne da nama mai maiƙo ma har 8. Dalilin ba ƙaramin abu ba ne, mai barcin anastazi ba ya iya tari, in abin da ke ciki ya taso huhu yake wucewa. Ruwa zalla ne ƙa'ida ta yarda da shi har saura awa 2, amma ku bi abin da mai anastazinku ya ce don shi ya san lokacin da za a shiga da ita. Hajiya cittarki ba ta da laifi bayan an farka an ce ta fara sha, shinshina lemu ma haka, wasu yana yi musu daɗi, kawai dai ba za su tsaya a madadin allurar ba.

In ta farka tana yi duk da haka, ku kira anfirmiye tun tana cewa zuciyata na tashi, ba sai ta cika roba ba, ku juya ta gefen kunnen mai lafiya. Sai a ba ta wani daga dangin da ba a taɓa ba, don maimaita ondansetron kafin awa 6 ba ya ƙara komai, a nan ne irin su Phénergan kaɗan ke shigowa. Ku lura kuma da maganin zafin da za a sallame ku da shi, tramadol na cikin masu tada zuciya ƙwarai, irin ta gara parasetamol in ya isa. Ondansetron kan sa ciwon kai da taurin bayan gida, kar ta yi yunƙuri a ban ɗaki, a faɗa a ba ta mai sassautawa.

Juwa kaɗan ta kwana biyu uku ba abin tsoro ba ce. Wadda za ku komo da ita ba jiran randebu ita ce juwa mai tsanani da ke ƙaruwa maimakon raguwa, aman da ya hana ruwa zama, baki ya karkace ko ido ɗaya ya ƙi rufuwa, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, jini ya jiƙa pansama, ko jin ya ɗauke gaba ɗaya da ƙara mai ƙarfi a kunnen.

Maman Boy:

Afuwan na shigo cikin zancenku, nawa yaro ne ɗan shekara 6 za a sa mishi ɗan bututun nan a kunne saboda ruwa na taruwa, shi ma duk wannan haɗin za a yi mishi?

Mai Sa Barci:

Hajiya nasa gajeren aiki ne, yawanci bai kai rabin awa ba kuma ba a zuwa kusa da bututun juwar, to haɗarin bai kai na faci ba. Yara lissafinsu daban ne, ana duba shekara 3 zuwa sama, aikin da ya kai minti 30, da ko shi ko iyayensa ko ƴan uwansa sun taɓa amai bayan aiki. In za a haɗa da cire ƴan wuya ko naman bayan hanci a rana guda to nan kam za a ba shi, magungunan guda ne amma da kilo ake auna su, sai ki tabbata an ɗora shi a sikeli ranar, kar a yi aiki da kilon da ke cikin tsohon karne.